Shekarun da Duniya Ta Daina Rubuta Manhaja

Yayana bai taɓa yin wani aiki a rayuwarsa ba sai guda ɗaya, kuma har yau in aka tambayi mahaifiyarmu abin da ɗanta yake yi, sai ta ce gadin kwamfuta. Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ni ƙanwarsa ce, shagona na hoton takardu yana bakin ƙofar kwalejin fasahar da yake aiki, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gani, wanda ban gani ba kuma matarsa ta ba ni labari tana huci.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda ya sha yi mini bayani ba tare da na tambaya ba. Kwamfutocin kwalejin suna tafiya ne da wata babbar manhaja ta kyauta, ita kuma ba abu ɗaya ba ce dunƙule, ƙunshi-ƙunshi ce dubbai. Wasu bayin Allah a ƙasashe daban-daban, waɗanda da alama ba su da iyali, kullum suna gyara wannan ƙunshi, suna sabunta wancan, suna zubawa a wata babbar ma'ajiya a ƙasar waje. In aka bar kowace kwamfuta ta je can ta ɗebo da kanta, layin intanet ɗin kwalejin shaƙewa yake yi, don sirantarsa ta kai. Shi ne aka ware kwamfuta ɗaya ta riƙa jawo kwafin komai tana ajiyewa, sauran su ɗiba a wurinta. Wannan kwamfutar Yaya yake kira rumbu, kuma aikinsa shi ne kada abin da ke cikin rumbu ya zama na jiya.

Ɗakin rumbun a da ma'ajiyar tsofaffin takardun jarrabawa ne. Ba taga. Fanka ɗaya ce a tsaye, ita ma ba mutum take fifitawa ba, an juya mata fuska ga na'urar. Na'urar wani baƙin akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin tebur, a kan bulo biyu, tun wata damina da ruwa ya shigo. Kujerar Yaya hannu ɗaya gare ta. Mai shara tana da iyaka, ya ja mata layi da alli a ƙasa, in tsintsiyarta ta ƙetare sai ka ji muryarsa har shagona. Bayan layin kuwa ƙura ta samu gida, shi yake share ta da burushin fenti, a tsugunne, yana riƙe numfashi.

Kwalejin ba ta amfani da ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da yake jawowa. Amma Yaya komai yake ja. Akwai ƙamus na wani yare da masu jinsa ba za su cika motar haya ba. Akwai manhajar lissafin tafiyar taurari. Akwai wata da ba ta da aikin fari balle na baƙi sai zana saniya a allo tana magana. Na ce masa, don Allah Yaya wa zai nemi saniya mai magana a kwalejin da ake koyar da walda? Ya dube ni kamar na zagi iyayenmu, ya ce ranar da wani ya nema fa, ya ce masa me?

Matsalar ita ce jan ba ya ƙarewa. Zai kunna da safe, rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, shi kuma ya zauna ya zuba masa ido, wai in ya kau da kai layin yankewa yake yi. Kafin ya gama jawo na yau, mutanen can sun sake zuba sabo. Wuta ta ɗauke, a koma baya. Hadari ya taso, farantin intanet da ke kan rufi ya daina gani, a koma baya. In ka ce masa ya zo a ci abinci, sai ya ce sai ta gama. In ka ce ana nemansa a gida, sai ta gama. Da haka sunan ya bi shi, ɗalibai da malamai har da masu sayar da ruwa a bakin ƙofa, kowa Malam Sai-Ta-Gama. Yana amsawa kuma, ko a jikinsa.

Wadda abin ya fi ci ita ce Anti, matarsa. Mace ce mai son hira, irin wadda in ba ta samu abokin magana ba take yi da tukunya. Abu ɗaya ta nema a wurin mijinta tun da aka yi auren, ba gida ba, ba mota ba: ya dawo da sauran hasken rana, su zauna su ci abinci tare kamar mutane. Wannan kaɗai, kuma shi ne ba ta samu ba. Yana fita yara ba su tashi ba, yana dawowa sun yi barci. Ranar da aka haifi babban ɗansu a waya ya yi mata barka, yana cewa saura kaɗan. Ni na kai ta asibiti, ni na dawo da ita, kuma wallahi a ranar da na samu guduma da na shiga ɗakin nan. Ta yi fushi, ta yi kuka, ta kai ƙara wurin mahaifiyarmu. Mahaifiyarmu ta kira shi ta ce a samo wani ya riƙa karɓarsa gadin mana. Ya ce ba gadi ba ne. Ta ce to mene ne? Ya fara bayani, ta yi gyangyaɗi.

Duk garin mutum ɗaya ne yake fahimtar ciwon Yaya, wani dogo mai sanƙo da ke riƙe da irin wannan rumbun a ofishin kwamfuta na babban asibiti. Mu dai Na-Asibiti muke ce masa. Sun haɗu a wani taron bita, suka gane cuta ɗaya ke damunsu, suka ƙulla abota. Sai dai abota ce mai gasa a ciki. Kowannensu yana nuna wa ɗan'uwansa cewa shi kai tsaye yake ja daga babbar ma'ajiyar ƙasar waje, don a wurinsu mai rumbu ya ɗebi kaya a rumbun maƙwabci abin kunya ne, kamar magidanci ya aika a ara masa gishiri kullum. Ni ban ga abin kunya a ciki ba, amma ni wace ce.

Wata shekara iska ta tsige farantin kwalejin ta jefa shi bayan ɗakin walda. Aka ce gyara sai an yi zama. Yaya ya rasa inda zai sa kansa. Akwai wani layi na cikin gari da ya haɗa makarantu da asibitin, mai sauri ne amma ba ya fita waje. Sai Yaya ya rufe ƙofa, ya buɗe inda ake rubuta wa na'urar adireshin da za ta je ɗiba, ya goge na ƙasar waje, ya rubuta na rumbun Na-Asibiti. A ransa na mako ɗaya ne, kafin a ɗora faranti. Bai gaya wa abokin nasa ba, kunya ta hana shi. Mu ma sai daga baya muka sani.

Ya danna. Rubutu ya ɗan gudu, ya tsaya. Na'urar ta ce ta gama.

Ina cikin yi wa wata ɗaliba hoton takardu na ga Yaya ya fito bakin ƙofa da rana tsaka, yana ƙifta ido kamar wanda aka sako daga kurkuku. Na ce ko gobara ce. Ya ce mini ta gama. Na ce wa? Ya ce ita. Ya tsaya yana kallon titi, bai san inda mutane ke zuwa a irin wannan lokacin ba. Ni na tare masa mai babur na ce a kai shi gida. Anti ta ce da ta ji sallamarsa sai da ta leƙa ta taga tukuna, ta zaci wani ne mai irin muryarsa ya zo da mugun labari.

Washegari ya danna, na'urar ta ce babu sabon abu. Jibi ma haka. Aka ɗora faranti, Yaya ya ce tunda asibiti suna da layi mai ƙarfi, a bar su su sha wahalar jawowa daga waje, shi ya riƙa ɗiba a kusa. Amma da aka kwana biyu ba sabo, ya fara shan jinin jikinsa. Ya kira Na-Asibiti, ya yi gyaran murya, ya tambaya kamar ba komai, wai shi ya ga wani sabon abu kwanan nan? Na-Asibiti ya ce shi ma abin da yake shirin tambayarsa ke nan, babu ko ɗaya. Suka karanta wa juna lambobin wasu ƙunshi a waya, suka ga sun yi daidai har ɗigo. Hankalin kowa ya kwanta, tunda ga shaida daga wani rumbu daban. Daga nan abin ya zama gaisuwarsu ta kowace safiya. Akwai sabo a wajenka? Babu, wajenka fa? Babu. To madalla, a gaida gida.

Yaya mutum ne da ba ya barin abu ba dalili, don haka ya zauna ya samo dalili. Ranar da muka taru gidan mahaifiyarmu ya sanar da mu, da fuskarsa ta gaske, cewa masu rubuta manhaja sun kammala. Ya ce komai yana da ƙarshe, gini ma in aka yi rufi aka sa ƙofa magina tafiya suke yi. An daɗe ana gyara, yanzu an gyara duka, mutanen sun koma gidajensu. Har tausayinsu ya ji, ya ce Allah kaɗai ya san rabonsu da iyalansu. Na ɗaga wayata na ce to ni me ya sa wannan kullum take damuna in sabunta? Ya ce waɗannan 'yan kasuwa ne, so suke su cinye mini kati. Mahaifiyarmu ta ce alhamdu lillahi, tunda ɓarayin sun daina zuwa.

Shekarun da suka biyo baya, ni dai ban taɓa ganin gida ya canja kamar nasu ba. Yaya ya yi ƙiba, wuyansa ya fito. Ya gano cewa ɗansa na biyu bahago ne. Ya gyara ƙofar banɗaki da ta shekara da shekaru ana tokare ta da bokiti. Ya koyi yanka albasa, yana yi yana hawaye yana ba Anti labarin taurari. Kullum kafin rana ta faɗi suna zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, kwano ɗaya a tsakaninsu, ita tana zuba hira, shi yana cewa uhm a inda ya dace, wani lokaci har da inda bai dace ba. Anti ta yi haske, ta daina yi wa tukunya magana. 'Yar autarsu a cikin shekarun aka haife ta, kuma shi ya kai Anti asibiti da kansa, har ya leƙa ofishin Na-Asibiti suka tambayi juna ko akwai sabo. Ina ganinsu ina jin daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye ba.

A kwaleji ma tauraronsa ya haska. Shugaban kwalejin ya lura cewa an daina kashe kwamfutoci ana cewa ana sabuntawa, kuma ba abin da ke canja wuri a allo ya rikita malamai. Ya ba Yaya takardar yabo a gaban taro, ni na sa mata leda. Gaskiya akwai 'yan alamu. Ɗalibai sun fara ƙorafin cewa wasu shafukan intanet ba sa buɗewa, suna cewa manhajar ta tsufa. Yaya ya ce shafukan ne ba su da tarbiyya. Wata sabuwar malamar zanen gini ta ce abin da ta yi karatu da shi ya fi wannan sabunta nesa ba kusa ba. Ya kai ta ɗakin, ya tsayar da ita a bayan layin alli, ya danna a gabanta, na'urar ta ce babu sabon abu. Malamar ta fita tana shakkar makarantar da ta yi.

Ranar da abin ya fashe, masu gyaran wuta ne suka zo canja wayoyin ginin, aka kashe komai tun safe. Yaya ya lulluɓe rumbu da zanen gado, ya fito da kujerarsa mai hannu ɗaya ya zauna a inuwar shagona yana shan shayi. Sai ga kiran Na-Asibiti. Wayar Yaya irin mai maɓallan nan ce, in ana magana har na gefe yana ji.

“Malam, lafiya naka rumbun? Tun safe nake dannawa, ya ƙi amsawa.”

“An kashe mana wuta ne. Amma me ya haɗa ka da nawa?”

Na-Asibiti ya yi 'yar dariyar kunya. Ya ce ai tunda abin ya zo, gara ya faɗa. Shekarun baya asibiti sun rage musu layin waje, shi ne ya juya na'urarsa tana ɗiba a rumbun kwaleji, tunda ya san Malam ba ya wasa da aiki. Ya so ya faɗa, nauyi ya hana shi.

Yaya ya ajiye kofin a ƙasa a hankali. Ya ce, “Wace shekara?”

“Shekarar da aka yi iskar nan mai tsige rufi.”

“Ni ma tun shekarar a wurinka nake ɗiba.”

Can sai muka ji Na-Asibiti ya ce, cikin wata 'yar ƙaramar murya, to wa yake jawowa daga waje? Ni kam, Allah ya yafe mini, dariya ce ta ƙwace mini, na shige bayan injin hoto na toshe baki da gyale. Ƙattin maza biyu sun shekara da shekaru suna miƙa wa juna kwano ɗaya, kowa yana yaba girkin ɗan'uwansa. Da na leƙo na ga fuskar Yaya, sai na daina dariyar. Ya yi tsuru-tsuru yana kallon ƙofar kwalejin.

Gyaran ba wani abu ba ne, layi ɗaya ne zai goge ya mayar da adireshin ƙasar waje. Amma ya san abin da ke bayan layin: kayan duk shekarun nan a tare, da na kowace rana mai zuwa, ta wannan siririn layin. Da wuta ta dawo bai taɓa komai ba. Ya tafi gida a kan lokaci kamar kullum.

Anti ta ce tun daga yadda ya cire takalmi ta gane. Ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan, wannan karon kuma ta saurara har ƙarshe. Da zai rufe sai ya ce duk shekarun nan kuskure ne. Yana nufin na'urar, na sani, ita ma ta sani. Amma maganar ta soke ta.

Ta ce, “Kuskure? To ni ban san a cikin kuskure nake zaune ba, Baban yara. Ni daɗi na ji.”

Ta tambaye shi wa ya sani. Ya ce shi da Na-Asibiti da ni. Ta ce Na-Asibiti ba zai tona wa kansa asiri ba, ƙanwarka kuma ka bar ni da ita. Kwamfutocin ba suna kunnuwa ba? Ɗaliban ba suna gama karatu ba? Ta ce ya bar abin yadda yake. Washegari da sassafe ta zo shagona ta ja mini kunne, na ce ni ko a mafarki ban ji komai ba. Ina bayanta ɗari bisa ɗari, kuma har gobe ina bayanta.

Ya bari ɗin. Ya ci gaba da zuwa da safe yana dannawa, na'urar tana ce masa babu sabon abu, yana dawowa gida da rana a sama. Sai dai mutumin da ke dawowa ba shi ba ne. Zai zauna a tabarma ya sa hannu a kwano ya manta da shi a ciki. Anti tana hira, ko uhm ɗin babu. 'Yar auta ta hau bayansa tana ja masa kunne, yana kallon bango. Ya daina bi ta gaban ofishin malamar zanen gini, sai ya zagaya ta bayan ɗakin walda. Ya cire takardar yabon daga bango ya tura ƙarƙashin katifa. Kiran safe tsakaninsa da Na-Asibiti ya mutu, don ba wanda zai iya yin tambayar kuma. Wata rana wani ɗalibi ya gaishe shi ya ce Malam, komai daidai? Yaya ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ƙibar nan ta fara zubewa muna kallo.

Anti ta yi ta maza iya yinta. Ta canja girki, ta gayyato abokansa, ta ɓalle ƙofar banɗaki da gangan don ya samu abin gyarawa. Ya tokare ta da bokiti. Ranar da ta ga haka ta shiga kicin ta daɗe, sannan ta fito da kular abinci babba, irin ta masu tafiya, ta dire a gabansa.

Ta ce, “Tashi ka je ka gyara abinka. Wannan da ke zaune mini a tabarma ban san shi ba.”

Ya ce zai riƙa ƙoƙarin dawowa da wuri. Ta ce kada ya yi mata alkawari, ya dai tafi.

Ina shago na ga ya wuce da kula a hannu, yana sauri kamar yaro. Ban daure ba, na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Ya goge layin ya rubuta na da, ya danna. Rubutu ya ɓarke a allon kamar an fasa bututu. Na'urar ta yi lissafin lokacin da ya rage, ta rubuta wani abu, ta goge, ta sake rubuta wanda ya fi shi, daga baya ta daina lissafin. Yaya ya jawo kujera ya zauna, ya juya fanka. Wallahi fuskarsa ta dawo, har wani murmushi yake yi. Na yi masa magana sau biyu bai ji ba. Haushi da tausayi suka haɗu suka cika ni, na ja masa ƙofar na tafi.

Da yamma na rufe shago da wuri na biya gidan. Na tarar da Anti ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ga kwano a rufe, ga ruwan wanke hannu, ga cokali biyu. Tana zaune ta miƙe ƙafa tana kallon ƙofar gida. Da ta ga ni ce, ta dubi cokulan, ta yi ɗan tsaki, ta ce hannunta ne ya saba. Ta matsa mini gefe ta buɗe kwanon.

Ta ce, “Zauna ki ci, na riga na zuba na mutum biyu.”